Ƙofar da Ke Jan Ƙasa

Ranar da mota ta kwashe ku daga Shadawanka
ina tsaye bakin kasuwar mami da cikin wata huɗu.
Ka ɗaga hula ka ce, "Wata shida ne, Dije,
kafin mangwaro ya nuna na dawo."
Mangwaro ya nuna sau uku, Haladu.

Na koyi kwana da waya a ƙarƙashin matashi.
Na haddace garuruwan da ban taɓa takawa ba,
Damasak, Malam Fatori,
duk wanda rediyo ya ambata sai in ajiye ludayi.
Kiranka kamar ruwan famfon bariki yake,
ba shi da rana, ba ya sallama.
Minti biyu, rabinsu iska.
"Kina ji na?" "Ina ji."
Sauran mu ƙarar da shi a kan "lafiya lau,"
kai kana ɓoye mini wanda kuka binne da safe,
ni ina ɓoye maka zazzaɓin yaro.

Matar Saje Bulus, ƙofa ta uku daga tamu,
mutum biyu suka zo mata da jakarsa.
Ni na taya ta ɗaure kwanuka ranar da ta koma Bogoro.
Ta bar mini tandar masarta, ta ce, "Riƙe, kada ki jira albashi."
Da tandar nan na sayi maganin tari,
da ita na biya kuɗin wuta.

Na haihu ba ka nan, ƙanenka ya raɗa suna.
Nafi'u ya yi haƙori a hoto,
ya yi rarrafe a hoto, ya miƙe a hoto.

Yau kwana goma sha tara da dawowarka.
Ba ka zama sai inda kake ganin ƙofa.
Tuwo kana cinsa kamar za a busa usur.
Cikin dare in na juya sai in ga idonka biyu
yana ƙirga sandunan rufi.
Yaron ya leƙo ta bayan zanena ya ce,
"Mama, yaushe sojan nan zai tafi gidansu?"
Ka yi dariya.
Na ga inda dariyar ta tsaya.

Shekaranjiya a Wunti taya ta fashe,
kafin in waiwaya ka danne ni ƙasa
cikin tumatirin mutane.
Ka tashi kana ba su haƙuri, kana laluben aljihu,
hannunka ya kasa kama kuɗin.
Har muka iso gida zancen tsadar albasa muke yi.

Ni ma ba wadda ka bari ba ce, gara in faɗa.
Na saba kwana a tsakiyar gado.
Na saba yanke magana ban dubi fuskar kowa ba.
Jiya ka ce, "Kuɗin makarantar yaro fa?"
Na ce, "Na biya,"
da wata murya da ni kaina ban so ba.
Ka dubi tafin hannunka, ka fita alwala
alhali lokaci bai yi ba.

Amma ƙofar ɗakin nan da ke jan ƙasa,
wadda ka ce za ka gyara ran Asabar,
Asabar ɗin da aka kira ku,
ban bari an taɓa ta ba.
Sau biyu kafinta yana cewa kyauta zai yi.
Shekara uku ina ɗaga ta da kafaɗa.

Ɗazu bayan asuba na ji kana tura ta, kana janyowa.
Ka ce, "Dije, ina guduma?"
Na ce, "Tana inda ka bar ta."
Nafi'u ya matso taku biyu, ya tsaya,
ka miƙa masa ƙusoshi ya riƙe maka.
Bugun farko ka runtse ido.
Na biyu ma ka runtse.

Ban jira na uku ba,
masata tana neman ƙonewa.